Gonar Kaka a Kan Firji

Har yau, in yayyafi ya taɓa ƙasar Riyad ƙamshin nan ya tashi, Kaka nake tunawa, ta ci ɗamara da mayafi tana hawa rufin benenmu na unguwar Nasim.

Bizar ziyara ta wata uku Baba ya yi mata. Ta zo mana da daddawa da kuka, da wani ƙullin tsumma da ba ta bari kowa ya taɓa. Irin kuɓewar marigayi mijinta ne, na ƙarshe da ya rage. Burinta ɗaya, ta ga ya tsiro a gidan ɗanta kafin ta koma.

To ka san mutumin gida, in ruwa ya jiƙa ƙasa sai shuka. Ranar da aka kwarara ruwa, Kaka ta kwance tsummanta. Baba ya gaya mata ruwan nan da sanyi yake tafe, kuɓewa kuwa 'yar zafi ce. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Tun ba a haife ka ba nake shuka," in ji ta.

Ta binne kusan duka a bokitai. Mako biyu muna hawa cikin rigunan sanyi muna leƙawa, shiru kake ji. Furannin Mama kuwa, waɗanda Kaka ke yi wa dariya wai shukar da ba ta shiga miya, sai tsirowa suke abinsu. Da Kaka ta tona bokitan ta tarar irin ya ruɓe, ranar ko shayi ba ta sha ba. Na ji tausayinta ƙwarai, amma Hausata a lokacin ba ta kai ta lallashi ba.

Ƙwaya bakwai suka rage a tsumman, kwana goma a bizar. Mama ce ta wanke robobin laban, wato nonon Larabawa, ta huda gindinsu, ta shuka ƙwayoyin ta jera a kan firji inda ɗumi ke fita. Kaka ta ce ba ta taɓa ganin gona a kan firji ba, amma in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Ta ja kujera ta tare a kicin. Duk wanda ya buga ƙofar firjin da ƙarfi sai ya sha faɗa.

Ana jibi za ta tafi, uku suka leƙo. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta shigo tambayar ko haihuwa aka yi.

Ba ta ci miyar ba. Ta koma gida, bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa.

Yanzu ina unguwar Suwaidi da iyalina, dashe kuwa a waya ake odarsa a kawo maka har ƙofa. Ni dai duk ƙarshen sanyi sai na jera robobi bakwai a kan firji, da irin da ya fito daga ukun nan. 'Yata takan ce ƙauyanci ne. Nakan ce mata ta ci miyarta, ta kuma rufe firjin a hankali.