Bari-in-Duba Ya Tafi Kafin a Sake Ƙirgawa

Ranar Laraba, tara ga watan Yuni, muna zaune a zauren majalisa ana muhawara kan gyaran hanyoyi, sai na ga magatakarda ya miƙa wa shugaban majalisa wata 'yar takarda. Shugaba ya karanta, ya cire tabarau. Kafin ya buɗe baki na riga na juya na dubi kujerarka da ke damana, wadda ta yi makonni babu kowa a kanta. Allah Ya karɓi abinSa da hantsi, a asibiti, bayan ciwon suga ya gama da ƙodarka. Bakina ya yi ta maimaita innalillahi, zuciyata ta ƙi yarda. Daga wurinSa muka zo, can kuma kowa ya nufa, sai dai ka riga ni, ƙanena a majalisa, alhali ni ne babba.

Jaridu sun ba da labarin rasuwarka a layi kaɗan, kuma kusan kowacce ta ƙara da cewa kai ne ka zo na ƙarshe a awon sabbin 'yan majalisa na bara. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Maganar nan ta ci maka rai har ka koma ga Allah, saboda mahaifiyarka ta ji ta, kuma ka yi mata alkawarin za ka goge ta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, idan ɗan majalisa ya rubuta ƙudirin doka, yakan bi abokan aiki su sa masa hannu, alamar suna tare da shi. Akwai wata ƙungiya ta masu bincike da ke ƙirga wannan sa hannu duk shekara, ga sabbin shiga kawai, ta jera su daga mai yawa zuwa mai kaɗan, don jama'a su san wa ke motsi wa ke barci. Mu tsofaffin hannu ba a auna mu, ina jin an fid da rai da mu. Ba na zagin awon nan. Ya tona asirin malalata da dama, waɗanda har yau ba su san ƙofar ɗakin kwamitinsu ba. Amma na san yadda ake tara hannun. A bakin ɗakin shayi ake tarawa, da kan matakala, da kan bayan mota. Mai ƙudiri ya riƙo shafin ƙarshe kaɗai, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗan taɓa mini nan," ka zana masa, gobe shi ma ya zana maka.

Kai kuwa daga kantin magani ka zo mana, inda ka yi rabin rayuwarka ba ka miƙa wa kowa ƙwaya sai ka karanta takardar likita. Duk wanda ya tare ka da shafin ƙarshe, sai ka yi murmushi ka ce, "Bari in duba. Ina sauran shafukan?" Tun ana dariya har aka fara jin haushi, har sunan ya bi ka. Masinjoji ma Bari-in-duba suke ce maka a bayan ido, ka sani, kuma ba ka taɓa nuna ka damu ba.

Ni ma ban tsira ba. Na kawo maka ƙudirina na tsaftar kasuwanni, ina taƙama da cewa kujerarka na kusa da tawa, za ka zana nan take. Ka tafi da shi gida, ka dawo mini da shi duk fensir, ka nuna mini wani sashe da zai kori masu ƙananan tebura daga bakin kasuwa ba tare da an tanadar musu wuri ba. Na yi kwana biyu ina amsa gaisuwarka da hanci. Da na huce na gyara, ka sa hannu, kuma ranar muhawara kai kaɗai ka miƙe ka kare shi sashe bayan sashe, sauran masu hannu a ciki suna duba wayoyinsu.

Ofishinka kuwa ya koma kanti ba tare da lasisi ba. Masu shara, direbobi, 'yan sandan bakin ƙofa, kowa da ledar magungunansa, ka duba ka ce wannan da safe, wannan kada a haɗa shi da wancan, wannan koma wurin likita. Ni kaina kullum sai ka tambaye ni ko na sha na hawan jini, kamar kai ka haife ni. Tun ranar Laraba babu wanda ya tambaye ni.

Da sakamakon awon ya fito, rediyo ta ɗauka, aka ce wane ne ya fi kowa ƙin sa hannu a aikin 'yan uwansa. Inna, mahaifiyarka, tana zaune a tsakar gida ta ji. Ita a wurinta sa hannu shi ne ka ga mutane suna ɗaga kaya ka kama musu. Ina ofishinka ta kira, ina jin muryarta ta waya.

"Ashe haka ka koma? Mutane na aiki kai ka naɗe hannu? Ba haka na rene ka ba."

Ka yi bayani har ka gaji, ka ce takarda ce ake nufi. Ta ce, "Rediyo ba ta san ka ba, balle ta yi maka ƙarya." Ka ce mata ta yi haƙuri, in an sake ƙirgawa za ta ji wani labarin da kunnenta. Da ka ajiye wayar, ban taɓa ganin fuskarka haka ba.

Na ce maka abin ai mai sauƙi ne, ka tsaya a bakin ɗakin shayi mako guda da biro, ka wuce kowa. Ka ce ba za ka wanke kanka a wurin Inna da abin da ka san ƙarya ne ba. Sai ka ninka karatu, daidai lokacin da sugan ya fara cin idanunka. Ka sayi madubin ƙara girman rubutu, ya yi aiki na ɗan lokaci, ya daina. Daga nan mai ɗakinka ta riƙa zuwa ofis bayan azahar, ta zauna a kujerar baƙi tana karanta maka, tana tuntuɓe da kalmomin lauyoyi, kana gyara mata, tana cewa in ka sake gyara ta za ta tafi gida. Ka hana a gaya wa 'yan jarida halin idonka, ka ce ba ka son a ba ka maki don tausayi. A haka ka yi ta hawa a hankali. Har a gadon asibiti ka tambaye ni saura yaushe sabon awon ya fito.

Ranar da muka je gaisuwa na tarar da shugabar masu binciken a gidanku, mace mai mutunci, idanunta sun yi ja. Na ja ta gefe na tambaye ta inda ka tsaya bana. Ta ce ka wuce fiye da rabin sabbin shiga, amma ƙa'idarsu ita ce duk wanda ya rasu kafin a rufe shekara ana cire sunansa, don ba a gwada rabin aiki da cikakke. Na so in yi faɗa, na rasa da wa zan yi. Ƙa'idar ba mugunta ba ce.

Aka shigar da ni wurin Inna. Tana zaune a kan tabarma, carbi a hannu, ta rame ƙwarai. Da aka ce mata ni ne abokin zamanka, sai ta ɗago.

"Ɗan nan, an sake ƙirgawar?"

Na durƙusa na ce, "Inna, ya tashi daga ƙasa, ya yi nisa. Wadda ke ƙirgawar ce ta gaya mini."

"Yaushe za a faɗa a rediyo?"

"Ba za a faɗa ba, Inna. Sun cire sunansa."

Ta kalle ni. Ta ce, "Ni da na yi masa faɗa a kan ta farko, ta biyun ce ba zan ji ba?" Ta juya fuska ga bango, ta ce a hankali, "Ban ce masa na huce ba."

Na yi mata sallama, na fito.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka kabarinsa, Ka nauyaya mizaninsa ranar da babu sunan da za a cire. Ka ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa da mutanen mazaɓarsa juriyar wannan rashi. Inna kuwa, ya Ubangiji, Ka sanyaya mata zuciya, Ka isar masa da yafiyar da ba ta samu ta faɗa masa ba. Amin.