Ƙarar da Na Yi Ta Nema a Aljihu

Salamu alaikum. Masu cewa Alhaji ya yi kuɗi ya daina leƙo mu a nan, ba kuɗi ba ne, jinya ce.

Wasunku sun san shekarun baya zuciyata ta taɓa tsayawa. Yayana, Yaya Sagir, shi ya kai ni Masar aka dasa mini 'yar na'ura a ƙirji, da siririyar igiya da ta shiga har cikin zuciya. In bugun ya rikice, sai ta ba ni shokin na lantarki ya dawo daidai.

Turancina na kasuwa ne, don haka Yaya ne ya zauna da likita ranar sallama. Da ya fito na tambaye shi, ya ce, "Ba komi, ka dai riƙa shan magani."

Bara muna sallar azahar a masallacin layinmu na 'yan atamfa a Babbar Kasuwa, sai ga ƙara ƙasa-ƙasa, kamar jiniyar motar asibiti daga nesa. Washegari ma haka, daidai lokacin. Ana sallamewa kowa ya juyo kaina.

Liman ya ce, "Alhaji, don Allah a riƙa kashe waya."

Na bar wayar a shago, aka sake jin ƙarar. Na zazzage aljihuna a gaban jama'a, ni da furfurata. Kunya ta sa na koma salla ni kaɗai a shago, a nan ne na gane daga ƙirjina take fitowa.

Na je gidan Yaya a Ƙofar Sauri na faɗa masa. Ya ce, "Ƙila batir ne. Bari a gama bikin ɗiyata sai mu tahi Kano."

Ba a kai ga bikin ba.

Ina auna wa wata Hajiya yadi sai na ji kamar an maka mini taɓarya a ƙirji. Na faɗi. Idona biyu, na'urar ta sake bugawa, ta sake. Na yi fitsari a wando, ina kalmar shahada, ina roƙon a cire mini ita ko da wuƙa ne.

A asibiti a nan Katsina aka yi gwaji, aka ce zuciyar lafiyarta lau. Suka ɗora mini maganaɗisu shokin ya tsaya, amma ba su da injin karanta na'urar. Sai Kano.

Can likita ta ɗora mini wani faifai a ƙirji, ta dubi allo. Ta ce igiyar ce ta tsage, na'urar na ɗaukar tartsatsinta a matsayin bugun mutuwa.

"Na'urar ta gane matsalar tun da wuri, shi ya sa take ƙara. Da zuciyarka ta tsaya a makonnin nan, ƙila ba ta iya tashinka. Da aka dasa ta, ba a gaya maka ma'anar ƙarar ba?"

Na dubi Yaya. Ya sunkuyar da kai.

"An hwaɗa mani. Na ga in na hwaɗa maka, ba ka ƙara barci mai daɗi."

Wallahi wannan ta fi shokin ciwo. Ƙirjina, raina, amma wani ya yanke abin da zan sani. Dangi kuma suna ta cewa, ai tausayi ne.

An sake tsaga ni, an sa sabuwar igiya. Filina na gado ya tafi a kuɗin aikin. Har yanzu in aka buga ƙofa da ƙarfi sai na dafe ƙirji.

Alhamdu lillahi, na miƙe, na koma kasuwa. Na gode wa likitar nan, da matata da ta sha kwanan benci, da 'yan layinmu da suka riƙe mini shago. Yaya ma na gode masa, ya yi ɗawainiya, ba zan ci amanarsa ba.

Mai irin wannan na'ura, ka sa likita ya kunna maka ƙararta ka ji da kunnenka. In ta yi, ranar za ka tafi, ba bayan biki ba. Masu jinya kuma, ku daina ɓoye wa baligi ciwonsa.

Jiya muka je Kano a duba ni. Da aka kira sunana Yaya ya miƙe zai bi ni. Na ce masa, "Yaya, zauna nan. Ni kaɗai zan shiga."