Daddawar Mama da Baturen da ya sa safar hannu

Fasto ya sha gaya mana a majami'a cewa ramuwa ta Ubangiji ce. Ban taɓa musu ba. Amma a ganina aiki ya yi wa Ubangiji yawa, idan ƙaramar magana ce ba laifi bawansa ya taya shi.

Shekarun baya na ajiye alli a makarantar da nake koyarwa a Kafanchan, na tafi aikin sa-kai wani ƙauye a Yuganda, in koya wa yara lissafi. Ana gobe zan tashi Mama ta ba ni daddawar da ta yi da hannunta, ta naɗe a leda uku, ta cusa a gwangwanin madara. Ta ce, "Riƙe wannan, Tisha. Ƙasar da ba daddawa, ko sun ce maka miya ne, ruwan zafi ne."

Ashe annabci ta yi. Mutanen can mutanen kirki ne, amma ayaba suke ci. Dafaffiyar ayaba da safe, ayaba da rana, ayaba da yamma, har na fara shafa kaina in ji ko ganye ya tsiro. Abin da ya riƙe raina shi ne ranar Asabar: in gutsuri daddawa kamar ƙwayar magani, in kaɗa miyar kuɓewa, in rufe ido in ji ni a gida, har ina jiyo faɗan 'yan acaɓa a bakin kasuwa.

Gida ɗaya aka ba mu da wani Bature mai haƙa rijiyoyi, shi ma ɗan sa-kai. Dogo ne, sai ya rusuna wa ƙofa kafin ta bar shi ya shiga. Halinsa biyu na riƙe. Yana da takardar rabon aiki manne a jikin firij: wa ke shara, wa ke wanke-wanke. Sannan ba ya barin ko ƙwayar abinci a kwano, wai kakarsa ta koya masa rage abinci cin mutuncin mai dafawa ne.

Wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar da tagogi a buɗe, mutumina sanye da safar hannu ta roba, ya ɗaure hanci da hankici.

Ya ce, "Ɗan'uwa, na cece mu! Wani abu ya mutu a cikin gwangwaninka."

Na ce, "Ina gwangwanin?"

"Na jefa a masai. Har toka na bi shi da ita."

Ya tsaya yana murmushi, yana jiran godiya. Na kuwa gode masa. Wata bakwai ya rage mini a ƙasar nan, na cinye su da ayaba tsura, kowace loma ina kallon fuskarsa ina haɗiyewa. Ban taɓa gaya masa abin da ya binne ba. Mai shirin ramuwa ba ya kwarmato.

Bayan shekara huɗu sai ga saƙonsa: an turo shi haƙa rijiyoyi wajen Kauru, yana so ya yi Ista a wurina. Na yi rawa a tsakar gida har kaji suka watse.

To, a wurinmu baƙo ba ya ƙin abinci. Kuma in kwano ya dawo fes, ma'anarsa bai ƙoshi ba, a ƙaro. Mai wayo yakan rage 'yar loma a gefe, mai gida ta san an kai. Ni na san dokarmu, na san dokar kakarsa, na bar su su haɗu. Abin da kawai na yi, na tare matan zumunta na majami'a bayan sujada na ce, "Baƙona kunya gare shi. Ko ya ce ya ƙoshi kada ku yarda, ku dai duba kwano."

Da ya iso, ranar Ista muka fara da gidan Mama: tuwon acca da miyar karkashi. Ya share. Aka ƙaro. Ya share. Gidan gwaggona aka kawo fate a roba mai girman wadda ake yi wa jariri wanka. Gidan Fasto shinkafa da naman alade, da kunu mai citta irin tamu, wadda ke buɗe wa mutum kunne. Matar Fasto ta ga kwano na ƙyalli ta tafa hannu. "Wayyo, ɗan mutane! Tisha, ba ka ba shi abinci ne?" Ta ƙaro.

Ya matso kusa da ni, gumi na ɗiga daga hancinsa. "Ɗan'uwa, yaya zan yi su daina?"

Na ce, "Ka cinye da sauri, su ga ka yaba."

A gida na huɗu ya sassauta bel. A na biyar ya cire shi ya rataya a wuya. Daga na shida da ƙyar muka dawo da shi gidan Mama, ya miƙe a tabarma ƙarƙashin mangwaro kamar itacen da iska ta kayar, ƙafafunsa har sun kusa leƙa gidan maƙwabta.

Yana nishi ya ce, "Zan mutu. Amma kafin nan ka gaya mini, me suke sawa a miya take daɗi haka?"

Shekara huɗu nake jiran wannan tambaya. Na shiga kicin na ɗauko curin daddawa na kai masa hanci. Na ga lokacin da warin ya isa inda tunaninsa yake. Ya yunƙura zai tashi, ciki ya hana.

Mama ta ce, "Me ya same shi?"

Na zayyana mata komai, har da tokar. Ta ƙare masa kallo. Sannan ta ce, "Gaya masa ba laifinsa ba ne. Yaro bai san wahalar abin ba. Gobe zai sani."

Washegari aka fito da buhun kalwa. Shi ya faskara itace, shi ya hura wuta, shi ya tsare tukunya yini guda hayaƙi na sa shi kuka. Ya surfa, ya kai rafi ya wanke, aka sake dafawa, aka lulluɓe da ganye kwana uku. Ni kuma na rubuta takardar rabon aiki na manna a ƙofar kicin: shi ne daga Litinin har Asabar, ni a ƙasa, mai duba aiki, a kan kujera.

Ranar da aka buɗe ganyen za a kirɓa a cura, ya ce a tambayi Mama ko akwai safar hannu.

Ta ce, "Akwai. Guda biyu, Allah ya ba shi tun daga ciki."

Ya cusa hannu. Sabulu uku ya ƙarar, warin bai bar shi ba. An ce a bas ɗin Kauru kujera guda aka bar masa shi kaɗai.

Kafin ya tafi Mama ta cika gwangwanin madara da curin da ya yi, mai kama da kashin giwa, ta sa ya miƙo mini da hannu biyu. Ya ce in yafe masa. Na ce zan duba.

Na yafe masa kuwa, kamar yadda Fasto ya koyar. Amma sai ranar da daddawar ta ƙare, kuma na ja ta wata bakwai cur.