Garin Gwaggo 'Yar Jawa

A Makka aka haife ni, a wani gida na laka da gwangwani a gefen dutse, can bayan unguwar Jarwal. Har na yi wayo ban san wani koren abu ba sai ganyen na'ana'a da ake sa wa a shayi. Ruwan sama kuwa abin tsoro ne a wurinmu. In ya zo, sai ya gangaro daga duwatsu da ƙarfi, ya kwashe awaki da tabarmi, washegari rana ta fito kamar ba a yi komai ba.

A shekarun babban yaƙin duniya jiragen ruwa suka daina zuwa Jidda, alhazai da yawa suka rasa hanyar komawa gida. Cikinsu akwai wani mutumin tsibirin Jawa da matarsa, waɗanda suka kama ɗakin da ke jikin namu. Matar 'yar ƙarama ce, mai sanyin murya, muna ce mata Gwaggo. Bayan la'asar takan shigo da tirenta na shinkafa, ta zauna kusa da Ummi suna tsinta, suna hira da guntun Larabcin da kowacce take ji. Inda Larabci ya ƙare, hannu ya ƙarasa.

A bakinta na fara jin labarin garinsu. Ta ce yana bakin teku, itatuwan kwakwa sun sunkuyo har suna taɓa ruwa. Kusan kullum bayan azahar sai an yi ruwa, mai laushi, ba mai kashe kowa ba, yara su yanko ganyen ayaba su rufa a ka su ci gaba da wasa. Gonakin shinkafa sun shimfiɗu tun daga gindin tudu har zuwa yashi. Ta ce in mutum ya kafa sanda don yin shinge, kafin wata ya zagayo sai ya tarar ta fitar da ganye. Ummi ta yi dariya, ta ce wannan kam sai a Aljanna. Ni kuwa na gaskata. Nakan kwanta a kan tabarma cikin zafin rana in rufe ido, in ga kaina ina tafiya a ƙarƙashin inuwa wadda ba ta da ƙarshe, ƙafafuna a jiƙe, ba kuma wanda yake ce mini in yi tattalin ruwan randa.

Ashe ba ni kaɗai abin ya shiga ba. Baba tela ne, mutum mai shiru-shiru, kuma mijin Gwaggo yakan zauna a shagonsa yana taya shi sa maɓalli. Shi ya gaya masa cewa a garinsu ana girmama duk wanda ya fito daga Makka, zai samu ɗinki, zai samu yaran da zai koya wa Alƙur'ani, ga fili a bayan masallaci inda zai yi gida. Sannu a hankali Baba ya canza. Ya fara koyon yarensu, yana maimaita sunan kifi da na jirgi yana taka keken ɗinki. Wata rana na ji yana tambayar Ummi ko za ta iya zama a gidan katako mai ƙafafu, wanda ruwa ke wucewa ta ƙarƙashinsa. Ta ce in dai ruwan ba zai tafi da ita ba, za ta iya.

Da yaƙi ya ƙare, aka ce jirage sun dawo. Su Gwaggo suka fara ɗaure kaya, Baba kuma ya je ya durƙusa gaban Kaka, mahaifiyarsa, wadda ta taso daga ƙasar Kano da ƙafa, ta ratso Sudan da shi goye a bayanta. Ya zayyana mata komai, har da sandar da ke tsiro. Ta saurare shi tana jan carbi, fuskarta a sake.

"Wuri mai kyau ne, da ji," in ji ta. "Ku tafi, Allah Ya sa albarka. Ni dai nan na nufo tun ina da ƙarfi, nan kuma za a rufe ni."

"Inna, ai ba zan bar ki ba."

Ta ci gaba da jan carbinta. Ya ɗan jima a durƙushe, sannan ya tashi ya koma shago.

Mun raka su Gwaggo Jidda a bayan wata babbar mota. Ranar na fara ganin teku. Na yi zaton zan ga itatuwa a bakinsa, sai na tarar da farin yashi da gishiri da iska mai ɗanko. Gwaggo ta nuna mini inda ruwa ya haɗu da sama, ta ce garinsu yana bayan can. Ta rungume Ummi, dukansu suna hawaye, sannan ƙaramin kwalekwale ya ɗauke su zuwa jirgin da ke tsaye daga nesa. Baba ya tsaya a cikin ruwa har idon sawu, riƙe da takalmansa, bai juyo ba sai da direba ya yi ta kira.

Ba mu sake jin labarinsu ba. Kaka ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, lokacin da ta rasu kuma ƙannena sun yi yawa, idon Baba ya fara rauni. Amma duk shekara in alhazan Jawa suka shigo shagonsa, sai ya gaishe su da yarensu, ya tambaye su garin. Yawanci ba su san shi ba. Sau ɗaya wani tsoho ya ce ya taɓa wucewa ta gabansa a jirgi da sassafe, ya hango hayaƙin girki yana tashi daga cikin itatuwa. Baba ya shimfiɗa masa tabarma, ya aika a kawo shayi, ya roƙe shi ya sake faɗa a hankali.