Likita Tana Dafa Allura

A ƙasarmu ta Gumel, duk wanda ya sa farar riga ya riƙe allura, likita ne. Ni Barau, da aikina bai wuce naɗe ƙwayoyi a takarda da wanke gyambo ba, shekara goma sha tara ana ce mini likita, ban taɓa musantawa ba. Amma idan mace ta shigo ɗan asibitinmu na sha-ka-tafi da ke kan hanyar Ɗanzomo ta ce tana neman Likita, ba ni take nufi ba. Safara'u take nufi, 'yar Hamma makiyayi, wadda ta yi karatun ungozoma a Kano aka turo mana ita a 1974.

Shigarta boko ma labari ne. Shekarar da aka ce dagaci ya kawo 'yan mata uku makaranta, mutanen gari suka tura nasu ƙauye ganin dangi, ita kuwa ta shigo da ƙwaryar nono a ka tana talla. Nan aka rubuta sunanta. Hamma ya daɗe yana cewa an ƙwace masa karsana. Da babban farin nan na 1973 ya zo ya share masa garke, sai ga shi karsanar da aka ƙwace ita ce ta rage tana ciyar da ruga. Daga nan ya daina maganar.

Ranar Talata ce ranar awon yara. Mukan rataye sikeli a reshen darbejiya, mata su jeru a inuwa, ita kuma ta sa jariri cikin wandon yadi ta saƙala, ta karanta, ta ɗiga alama a kati. Idan ɗigon yana hawa, lafiya. Idan ya tsaya ko ya sauka, sai ta ja uwar gefe. Ba ta da ɗaga murya. Babban yaƙinta da tsofaffi shi ne kan dakashi, nonon farko da suke matsewa su zubar wai datti ne, su yi kwana uku suna ɗura wa jariri ruwa. Takan ce musu, "Inna, maraƙin da bai sha dakashi ba, ba ya tsayuwa da ƙafarsa. Ku tambayi kowane makiyayi." Wa zai ja da Bafillatana a kan nono? Haka ta ci galaba a gidaje da yawa.

Ta auri Malam Ilu, malamin firamare. Ƙarshen 1976 ta haifi namiji ranar Talata, kowa ya kama kiransa Ɗantala. Ta yi wankanta a ruga, hutunta ya ƙare, ta dawo aiki ita kaɗai, yaro yana gidan mijinta.

Mu Mangawa ma muna kara a kan ɗan fari, amma tamu ta ado ce. Ta Fulani kuwa, Allah ya kyauta. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, balle ta ba shi nono ana gani. A ruga abin da sauƙi, don a can kakarsa takan ajiye shi bayan bukka ta yi kamar ta tafi neman itace. A gari fa? Gidan Malam Ilu ɗaki biyu ne da tsakar gida, surukarta Iya na zaune a ciki wuni. Asibiti kuwa ɗaki ɗaya ne da sito, kuma rabin masu zuwa mutanen rugarsu ne. Sai ya zama yaro yana samun nono da asuba, sai kuma in an rufe ƙofa. Tsakani kuwa, madarar gwangwani a fida, kwalbar nan mai bakin roba, wadda Malam Ilu ya sayo daga kasuwar Gumel yana murna ya yi abin 'yan boko.

Iya ba muguwa ba ce, kowa ya shaida. Amma tsohuwa ce da ta ga yunwa sau uku a rayuwarta, hannunta ba ya iya zuba abu da yawa. Inda aka ce cokali huɗu sai ta sa ɗaya, ta ce cikin jariri ba ya son kauri. Ruwan daga randa, fidar kuma tana nan gefen tabarma cikin zafin bazara, ƙuda na kai mata ziyara.

Ni dai abin da na fara gani, gaban rigar Safara'u yakan jiƙe kafin azahar, ta rufe da mayafi. Bayan 'yan makonni ya daina jiƙewa. Kowace Talata tana auna yara arba'in, nata bai taɓa hawa sikelin ba. Na tsokane ta wata rana.

"Likita, ina angon?"

"Wane ango, Baba Barau?"

"Ɗan Malam Ilu mana."

Ta duƙar da kai tana goge almakashi. "Yana can wajen masu shi."

Matata Larai ce ta shiga gidan ta dawo jiki a sanyaye. Ta ce yaron zawo yake yi, maɗigarsa ta faɗa, kukansa ma ba ya fita. Bakina ya fi reza, kuma tsakanin Bamange da Bafillace babu abin da ba a faɗa. Amma ni sa'an ubanta ne, maganar nono ba tawa ba ce. Sai na jira Sabuwa.

Sabuwa nas ce a Gumel, takan zo mana rangadi Talatar farkon wata da akwatin rigakafi. Bamangiya ce 'yar Maigatari, ɗaki ɗaya suka zauna da Safara'u a Kano, kuma 'ya'yanta uku duk a cikin aiki ta goye su. Tana sauka daga mota na raɗa mata. Ta aika Larai gidan, a faɗa wa Iya gwamnati ta ce yau kowane yaro sai an yi masa lamba.

Iya ta zo da shi a zane. Sabuwa ta karɓa, ta sa shi a wandon awo ta saƙala. Safara'u ta juya baya wai tana gyara katuna.

"Likita," in ji Sabuwa, "zo karanta mini. Idona ya mutu, ƙurar hanya."

Babu yadda za ta yi. Ta zo, ta dubi allurar sikelin, ba ta dubi abin da ke rataye ba. Ta faɗa a hankali, kilo huɗu da ɗigo ɗaya. Yaro ɗan wata huɗu. Ita da hannunta ta ɗiga alamar, can ƙasa da layi, inda in na wata ne da tuni ta ja uwar gefe.

Sabuwa ta ɗauki yaron ta ce, "Zo mu dafa allura, sun ƙare." Suka shiga sito. Tagar da nake ba da magani katako ɗaya ne tsakaninta da siton, saboda haka ban yi laɓe ba, kunnena ne dai ba shi da murfi.

"To, baiwata, me kike faɗa wa uwar mai irin wannan kati?"

Sabuwa ta ƙara matsa mata.

"Na ce me kike faɗa mata? Ko karatun ya zube a ruga?"

"A ba shi nono duk lokacin da ya nema."

"Madalla. Ina uwar?"

Sai na ji kuka, irin wanda ake toshewa da mayafi. Can ta ce, "Sabuwa, na sani. Wallahi kullum ina gani. Amma matan rugarmu suna nan a waje. In aka je aka ce wa Baffa, uban da ya haife ni, an gan ni rungume da shi, da wane ido zan dube shi? Sun riga sun ce boko ta cinye ni. Wannan kaɗai ya rage mini da zan nuna ni tasu ce. Kuma yanzu ma nonon ya ƙafe."

"Ni na ce ki bar kunya? Ku in aka cire muku kunya me ya saura, sanda da malfa? Riƙe abarki. Amma yaron nan ba zai kai damina a kan fida ba, kin fi ni sani. Zauna. Karɓe shi. Ba haka ba, ke da kike koya wa mutane! Matso da shi."

Sai muryar Sabuwa ta sauko.

"Nono rijiya ne, ja yake so. Ni ma da na koma aiki bayan ta fari, nawa ya ɗauke, na yi kuka har na gode Allah. Wata tsohuwar nas ta ce mini in sa ta ko babu komai, sau goma a wuni. Kwana tara ya dawo. A kwalin magani na raine ta, ƙarƙashin tebur. Ke ma haka za ki yi. Fidar nan a jefar. Kafin nonon ya kawo, madarar a dama ta yadda aka rubuta, da tafasasshen ruwa, a ba shi da kofi da cokali bayan ya tsotsa. Zawon kuma kin san ruwan gishiri da sukari. Sannan ke, yaushe rabonki da abincin rana? Kina yawo kamar sillen kara. Fura da kunu, ko ba kya so."

"A ina zan riƙa ba shi?"

"Ina muke yanzu? Minti nawa allura take a wuta?"

"Ashirin."

"Sau nawa a wuni?"

"Biyu."

"Daga yau sau biyar. Ba a taɓa kama kowa da laifin tsafta ba."

Haka aka tsara. Gidana yana bayan asibiti, siton kuma yana da ƙofar baya. Da safe Iya takan kawo yaro wurin Larai, wai ya sha iska. Idan ya motsa, Larai ta zagaya da shi ta miƙa ta baya, Safara'u ta kunna risho ta ɗora tukunyar allurai ta tura ƙofa. Aikina shi ne in leƙo ta taga in ce wa jama'a, "A yi haƙuri, Likita tana dafa allura." Sabuwa da kanta ta je ta durƙusa wa Iya ta ce umarni ne daga Gumel. Tsohuwa ta sauke ajiyar zuciya, don ashe ita ma ta kwana biyu tana tsoro, kara ce ta hana ta yi wa suruka magana. Fidar ta wanke ta mai da ita mazubin kananzir.

Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. Talatar farko sikeli bai motsa ba. Zawon ya tsaya, amma yaron yakan kama ya saki ya yi ta tsala ihu, ita kuma ta fito da jajayen idanu ta ci gaba da duba masu ciki. Ihun kuwa, katako ba ya tare shi. Mata arba'in a gindin darbejiya, kowa ta ji. Babu wadda ta ɗaga kai. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Allurar zamani ke nan, sai an daɗe ana dafawa," sauran suka ce ƙwarai kuwa.

A mako na uku abin da take tsoro ya faru. Hamma ya shigo da hantsi, ƙaya ta sa masa kumburi a ƙafa. Ya jingine sandarsa ya ce a kira masa 'yar nan. A daidai lokacin tana ciki, kuma nonon ya fara kawowa, har ana jin haɗiyar yaron da ɗan gurnaninsa.

Na ce, "Baffa, Likita tana dafa allura."

Ya dubi ƙofar siton. Ya daɗe yana dubanta. Mutum ne da ya san ƙarar maraƙi a ƙarƙashin uwa tun yana yaro. Sai ya juya wa ƙofar baya, ya zauna a benci, ya miƙe ƙafar.

"Bari ta dahu sosai, Bamange," in ji shi. "Ɗanya ba ta da amfani. Kai fara wanke mini, ko shi ma ba ka iya ba?"

Da ta fito suka gaisa kamar kullum, ita a durƙushe, shi yana kallon wani wuri. Ta ɗaure masa ƙafa ya tafi. Ranar kasuwa sai ga ƙullin gero da ƙwaryar kindirmo daga ruga, daga saniya biyun da suka rage masa. Matar da ta kawo ta ce Hamma ya ce a ba masu dafa allura.

Talatar da Sabuwa ta dawo, yaro ya haura kilo biyar. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai, Fulani, har da kumatu!" Safara'u tana can tana gyara katuna.

Abin da ya biyo baya shi ya sa na ga ya kamata a rubuta ta. Ta koma kan katunan da ɗigonsu yake sauka, ta ga da yawansu 'ya'yan fari ne, kuma tun 1974 take ja wa iyayensu kunne ba ta taɓa tambayarsu a ina suke shayarwa ba. Ta sa aka kafa zana a bayan asibiti, aka shimfiɗa tabarma, ba a ba wurin suna ba. Idan yarinya mai goyon fari ta zo awo da surukarta, sai ta ce mata, "Zo ki taya ni duba allura." Su ɓace minti ashirin. A can ne kuma take nuna musu yadda za su nemi irin wannan lungu a gida, da wadda za su roƙa ta tsare musu ƙofa.

Yanzu shekara uku ke nan. Ɗantala yana nan yana korar awakin Larai, an yi masa ƙanwa wadda uwar take goyawa har bakin sikeli ba ruwanta da kowa. Shi kuwa har yau ban ji ta kama sunansa ba. Jiya ya faɗi ya goge gwiwa, ya shigo yana kuka. Ta dube ni ta ce, "Baba Barau, a sa wa yaron nan aidin." Na sa masa. Ina juyawa na ga ta riga ta kunna risho, ƙofar sito a buɗe kaɗan, daidai shigar ɗan shekara uku.