Yaron da Ya Ƙi Wuce Ni a Hawan Uwharrie

Ni ne mutumin da ya kai saurayin 'yarsa kan dutse don ya ga iyakarsa, aka dawo da mu biyun a bayan akori-kura tare da buhunan abincin kaji. Na faɗa da bakina tun da wuri, domin a masallacinmu na Greensboro, a jihar Carolina ta Amurka, kowa da irin nasa labarin, a na wasu har kuka na yi. Ban yi kuka ba. Gumi ne.

Bakina ne ya jawo. Firamare ban gama ta ba, malamai suka huta, ni ma na huta, na kama keke. A ƙasar Mangu na tashi, ina ɗauko dankalin turawa daga ƙauyuka zuwa kasuwa, buhu a kariyar bayan keke, ta gindin duwatsun nan masu rami a ka da aka ce da can wuta suke amai. Wannan gaskiya ne. Amma tunda na zo Amurka na zauna a bayan sitiyarin tasi ina jiran fasinja a tashar bas ta cikin gari, sai buhunan suka riƙa ƙaruwa a labari, tumbina yana ƙaruwa a zahiri. In an idar da Juma'a aka tsaya hira, ni ne mai keken da bai taɓa sauka ya tura ba, komai tsayin hawa.

Sai 'yata, wadda take aikin jinya, ta kawo maganar wani yaro Bakatsine da yake digiri na uku a jami'a. Na ce me yake karantawa? Ta ce duwatsu. Na ce na niƙa ko na gini? Ta amsa mini da Turanci, haka take yi in ranta ya ɓaci. Manyansa suka zo, na karɓe su, na ce a ba ni lokaci. Gaskiya ban ga aibin yaron ba, kuma abin da ya dame ni ke nan. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ka, ba ya haɗa ido da kai, in ka yi tari ya ce sannu. Na ce a raina, wanda ya sha ruwan Amurka shekara da shekaru yana wannan ladabin, ko waliyyi ne ko ɗan wasan kwaikwayo. Lokaci ya yi ta tafiya ban ba da amsa ba. 'Yar ta daina zama falo in ina nan. Hajiya, uwarta, ta fara ajiye mini kwanon tuwo da ƙarfi.

Ran nan na ji cewa duk Asabar yaron yana ɗaukar keke ya tafi kudu, duwatsun Uwharrie, ya yi ta yawo a titunan da ba mota. Na sa aka kira shi. Ya ce i, Baba, su ma duwatsun wuta ce ta gina su, tun zamanin da ba a san adadinsa ba. Na ce to Asabar da ni za a je. Dabarata mai sauƙi ce. Hawa yana tone asirin mutum. In ƙishi ya kama shi, cinya ta ɗauki zafi, ladabin aro zai zube a titi, in tsince shi in kawo wa Hajiya.

Keke na samu wajen wani maƙwabcina a Pleasant Garden da ya baje tarkacen garejinsa a bakin titi. Taya siririya kamar igiyar shanya, sirdi kamar bayan wuƙa, kan a lanƙwashe kamar ƙahon rago. Na ce keke dai keke ne.

Da safe yaron ya zo. Masu irin wannan hawan wani wando suke sawa mai kama jiki, wanda ba ya rufa wa kowa asiri. Shi kuma kunya ba za ta bar shi ya tsaya gaban uban budurwarsa a haka ba, sai ya ɗora wandon shadda da kaftani a kai, ga hular kwano. Takalminsa kuwa irin wanda yake maƙalewa a jikin feda ne, sai an murɗa dunduniya yake fita. Na dube shi sama da ƙasa. Ni ma ban fi shi kyan gani ba, na cusa ƙafar wandona cikin safa.

Muka ajiye mota a gefen wani ƙaramin coci muka hau. Hanyar kam ta yi kyau, ba zan ci amanarta ba. Itatuwa dogaye hagu da dama, gonakin ciyawa, shanu suna kallonmu kamar sun san ƙarshen labarin. Ka yi ta tafiya ba ka ji hon ko ɗaya ba. Na duba ban ga dutsen kirki ba, sai tuddai masu gashin kurmi. Na waiwaya na ce, "Malamin duwatsu, ina aman wutar?"

Ya ce, "Sun tsufa ne, Baba. Ruwa da iska sun cinye su."

Na ce, "Waɗannan a Mangu a kansu yara suke shanya barkono."

Ya ce, "Haka ne, Baba."

Waiwayen da na ce na yi, da dalili. Yana bayana. Tun da muka tashi yana bayana, domin yaro mai neman 'yarka ba ya shiga gabanka, ko a ƙofa ko a titi. Da muka zo hawa na farko na ji feda ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi, sai na ji muryarsa a hankali: "Baba, da an ɗan taɓa wannan ƙarfen na hannun dama, giyar za ta yi laushi."

Na ce, "Na fara murza feda tun mahaifinka yana yawo ba wando."

"Haka ne, Baba."

Ni kuma keken da na sani giya ɗaya gare shi, ita ce cinyarka. Haka na ci gaba a mafi nauyinta, ina hawa kamar mai tuƙa tuwon biki.

Rana ta ɗaga, zafin nan na Carolina mai ɗanko ya sauko. Na shanye gorata. Ya miƙo mini tasa da hannu biyu, na shanye. Ya miƙo ta biyun. Na ce kai fa? Ya ce ya ƙoshi. Na san ƙarya ce, kuma na san dalili: ba zai ɗaga gora ya kafa kai a gabana ba. Dattijon arziki a nan zai ce bari in zaga bayan bishiya, ya daɗe can, ya bar yaro ya sha ruwa ya haɗiyi dabino. Na san wannan sarai, an yi mini. Amma ni gwaji na zo yi. Na karɓi gorar na ɗaura a kekena.

Abokan hawansa Turawa suka zo suka wuce mu kamar iska. Ɗaya ya rage gudu yana tambayarsa ko lafiya, me ya sa yau ya yi shigar zuwa biki. Ya yi murmushi ya ce su je. Ta ƙarshensu wata tsohuwa ce da ta girme ni, gashi fari fat. Ta yi mini barka da safiya, ko haki ba ta yi.

Sai ga babban hawan. Ba tsayi gare shi ba, naci gare shi, ka sha kwana ka tarar da sauransa yana jiranka. Na fara yanka titi hagu da dama. Ƙirjina yana kiɗa, idona yana ganin taurari da rana tsaka. Ba abin da nake so a duniya kamar in sauka in tura. Amma yaron nan yana cikin masu jin cika bakina a masallaci. Sai na ga mafita: in ya wuce ni, na samu biyu. In sauka ba mai gani, in koma gida in ce ya bar tsoho a daji.

Na ce, "Wuce mana!"

"A'a, Baba, bismillah."

"Na ce ka wuce!"

"Ina bayanka, Baba."

Kamar muna ƙofar masallaci muna jayayyar wa zai fara shiga. Gudun da nake yi a lokacin, akuya mai ciki za ta wuce ni. Keke irin nasa kuma ba a yi shi don rarrafe ba, tayar gaba sai rawa take, yana ta danna birki a kan hawa don kada ya taɓa ni. Can sarƙa ta cafke ƙafar wandon shaddar. Takalmi ya ƙi fita daga feda. Na ji ƙara, na waiwaya, na gan shi yana kifewa a hankali, shi da keken tare, kamar buhun da aka jingina ba daidai ba.

Na sauka. Allah ya sani taimako na sauka yi, amma ban taɓa jin daɗin taka ƙasa irin na ranar ba.

Yana kwance a kwalta, gwiwar hannu ta ɗaye, leɓe ya bushe ya yi fari, cinyoyinsa sun ɗaure ya kasa miƙe su. Gorar da ke kekena ko ɗigo babu. Abin da ya fara cewa shi ne, "Baba, ka yi haƙuri, na tsayar da kai."

Wani manomi mai kiwon kaji ne ya tsaya da akori-kura. Ya dube mu, ya dubi kaftani, ya miƙo ruwa mai sanyi. Yaron ya karɓa, ya juya mini baya ya fuskanci daji, sannan ya sha. Ni kuma na kama duban taya kamar akwai abin gani a jikinta. Manomin ne ya kwashe mu da kekunan a bayan motarsa.

A gida 'yata ta wanke ciwon ta naɗe, ba ta ce da ni uffan ba, ko da Turanci. Da suka fita tsakar gida na samu Hajiya a kicin, na gyara murya, na ce a aika wa mutanensa su zo a sa rana. Na ƙara da cewa na gwada shi, yaron yana da tarbiyya, ya gwammace ya faɗi da ya shiga gabana.

Ba ta ɗago daga albasar da take yankawa ba. Ta ce, "Shi yini ɗaya ya bi bayanka ya samu mai ɗaukarsa a mota. Ni tun Mangu nake danna birki."