Karan Masallaci a Teburin Kanar

Shekara talatin na yi ina aikin lambu a wata ma'aikatar gwamnati a Khartum, amma har gobe ban manta da ranar da Kanar ya kira ni ofishinsa saboda tsiro ba.

Farkon mulkin soja ne. Lokacin ana korar ma'aikata da wata takarda da ake kira salihul-am, wai don amfanin jama'a. Ba a faɗa maka laifinka, ka dai zo da safe ka ga sunanka a allo. Kanar da aka kawo mana shugaba ya ƙware a wannan. Watansa na farko ya sallami Dakta Usman, mutum ɗaya tak da ya karanci tsirrai a gidan, jikan alhazan Najeriya kamar ni.

Tsiron na kan teburinsa, sanduna ne kore masu kauri, ba ganye ko ɗaya. Wani ɗan kwangila ya kawo masa, ya ce daga ƙasar waje.

"Ya Harun, mene ne sunansa?"

"Sa'adatak, ranka ya daɗe, ban sani ba."

"To sani ko ba sani, ruwa safe da yamma. In ya mutu ka bi shi."

'Ya'ya shida gare ni a unguwar Kalakla. Na ce tamam, an gama.

Sati biyu ina bin oda, gindin ya fara laushi kamar ruɓaɓɓiyar kabewa. Hankalina ya tashi. Ran Juma'a na ɓalli ɗan guntu na tafi unguwar Alsawra, na iske Dakta a ƙofar gidansa yana sayar da gawayi. Ya duba, ya yi dariya har da hawaye.

"Ƙasar waje? Ya zol, bawan Allah, karan masallaci ne! Yana nan zube a duwatsu, ko akuya ba ta kula shi. Ruwan ne ke kashe shi. Sa masa yashi, nuna masa rana, ka manta da shi. In ya ji daɗi zai yi fure, ran nan ka gaishe mini da Kanar."

Ban tambaye shi dalili ba. Na koma na dasa tsiron cikin ƙaramar tukunya, na saka ta cikin babba. Safe da yamma in zo da buta a gaban Kanar in tsiyaya ruwan a tsakani. Tsiro ya murmure. Kanar ya riƙa nuna wa baƙi yana cewa, "Kun ga horo? Ko ciyawa ta san oda."

Bayan damina ya yi fure, curi guda ja mai duhu. Sannan na gane gaisuwar Dakta. Warin mushe ya cika ofis, koren ƙuda ya sauka kamar an yi yanka. Ashe haka furensa yake, da wari yake kiran ƙuda.

Kanar ya ce ɓera ne ya mutu. Sojoji uku suka ja kabad, suka naɗe kafet, suka ɓalle silin. Kwana uku ana neman ɓera. Duk mai hanci ya san inda warin yake, amma kowa ya zo gaban teburin sai ya ɗauke numfashi ya ce, "Masha Allah, Sa'adatak, fure kamar na Aljanna."

Rana ta huɗu sunan Ammu Adam ya fito a allo, tsohon da ke share ofishin, wai ƙazanta. Ya tsaya a ƙofa da tsintsiyarsa ya ce mini, "Harun, ɗana, wallahi na share." Na ce Allah ya kyauta. Ni kuwa aka ba ni takardar yabo, kuma na karɓa da hannu biyu.

Ku yaran yanzu, aikin lambu mai sauƙi ne, tsiro kan nuna maka abin da yake so in ka duba. Mutane ne wahala. Gidan da ya kori mai sani, warinsa ba ya barin tebur, sai dai a samo talaka a ce shi ne ɓeran. Ni ma hanci da baki Allah ya ba ni, amma ran nan hancin kaɗai ya yi aiki, kuma har yau kunyar tsohon nan nake ji.